Tunda na canja salansa injina ke ɗaukar zafi a cikin gari, salansar ce ko zafin Kano?

DanHotoro_R6:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gareni ga waɗanda suka san harkar inji. Babur ne dani, Yamaha R6 ta 2009, na cire salansar folokom, wato wadda kamfani ya saka mata, gaba ɗayanta tun daga maƙogwaro har wutsiya na saka ful sistem, har da tukunyar nan ta ƙasa mai katalis (abin tace hayaƙi) a ciki duk ta tafi. Ƙara kam masha Allah kuma babur ɗin yayi sauƙi a hannu sosai. To amma tunda zafin nan ya shigo abin ya fara damuna, in na faɗa cunkoson Murtala Muhammad Way ko wajen Ƙofar Nassarawa bayan azahar mitar zafin inji sai ta hau digiri 105, 108, jiya har 112 na gani kafin na samu na fice daga cikin 'yan adaidaita. Fanka tana tashi amma kamar bata yin komai. In na hau Eastern Bypass sai ta sauko 80 da wani abu. Ga kuma harbi tas tas tas duk sanda na saki totur. Shin salansar ce ta jawo ko kuwa dama haka suke a watan Afrilu? Dan Allah wanda ya sani ya taimaka, bana son inji ya buga.

Gixxer_Fagge:
Wa alaikumus salam. Mutumina salansar ce, babu wata tantama. Ka buɗe mata hanci iska na fita da yawa, biren bos kuma, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yana nan yana bada mai irin na da. Mai yayi kaɗan iska tayi yawa, dole wuta tayi zafi. Ko ka saka Power Commander, na'urar nan ta daidaita yawan man da inji ke samu, ko ka maida folokom ɗinka.

MaiCBR_Tarauni:
Ni kuma ban yarda ba. Tawa CBR600RR ce ban taɓa mata ko kusa ɗaya a salansa ba, amma a Bata da rana tsaka 104, 106 take nunawa. Garin da ake kaiwa digiri 40 zuwa 42 a inuwa, ga kwalta na tururi, ga hayaƙin motar gabanka yana shiga lagiretonka kai tsaye, me kake so injin yayi? Babura ne da aka ƙera dan filin tsere ba dan bin bayan adaidaita sahu ba. Ni matsalata ma daban ce, salansar CBR a ƙarƙashin kujera take, in ka daɗe a gosulo wando har ɗumi yake.

Kurna_Pulsar:
Ku masu mita kunji daɗi, mu namu sai dai kaji ƙauri ka san ta ɗau zafi

OgaMakanike_KofarRuwa:
DanHotoro amsa min waɗannan kafin kowa ya sa ka kashe kuɗi. Fitilar gargaɗi ta zafi ta taɓa kunnawa? Ruwa yana tofowa ta ƙaramin tankin gefe? Yaushe rabon da a canja ruwan lagireto, kuma wane ruwa ne a ciki? In ka haska tocila ta bayan lagireto kana hango hasken ta gaba?

DanHotoro_R6:
Oga fitila bata kunna ba, ruwa ma baya zubowa. Ruwan ciki kuwa tun wanda na sayeta dashi ne, in ya ragu yaron wanki yana ƙara min na famfo. Tocila zan gwada anjima in rana ta faɗi.

OgaMakanike_KofarRuwa:
To ka gani. Ruwan famfo da na burtsatse shi ke kashe mana lagireto a garin nan. Yana da gishiri a ciki, in ya tafasa ya huce ya tafasa ya huce sai ya bar wani farin ɓawo a cikin hanyoyin ruwa, hanyoyin kuma siriri ne ƙwarai a babur ba kamar na mota ba. Na sha buɗe murfi inga ruwa ya koma ja kamar kunun kanwa, tiyo ya kumbura, famfon ruwa ya ci tsatsa. Sannan ƙurar hunturu da ta wuce, daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga tsakanin haƙoran lagireto ta haɗu da ɗan maiƙo ta daskare, daga waje zaka ga kamar tsaf yake amma iska bata ratsawa. Jiya ma wata Kawasaki aka kawo min, da na cire robar gefe ledar fiya wata na tarar ta manne a ƙasan lagireto ta rufe kusan kwatansa. Mai ita yana ta zagin salansa.
Ka zubar da ruwan, a wanke ciki, a zuba kulant rabi da rabi da ruwan batir, ina nufin farin ruwan da ake ƙarawa batir, BA asid ba dan Allah. A wanke haƙoran daga baya zuwa gaba da tiyo mai sanyin ƙarfi. Kar ka bari masu wankin mota su ɗora masa bindigar ruwan nan, lanƙwasa haƙoran take.

Injiniya_Kabuga:
Bari in ɗan saka baki dan naga Gixxer_Fagge da MaiCBR kowa ya kama gefe ɗaya, alhali zafi iri biyu ake magana akai ana cakuɗa su.

Akwai zafin ruwa, shi mita ke nuna maka. Akwai kuma zafin cikin silinda da bawul ɗin fitar hayaƙi, wanda mita bata ganinsa kai tsaye. Abinda DanHotoro ya kwatanta, wato ta hau a gosulo ta sauka a baifas, wannan alamar iska ce bata ratsa lagireto. A tsaye ko kana tafiya a giya ɗaya iskar da injin ke zuƙa kaɗan ce ƙwarai, faɗin bututu baya canja wani abu mai yawa a nan. Kuma in babur ɗin yana da sansar iskar oksijin a jikin salansa, a irin wannan tafiyar ne ma biren bos ke sauraronta yana daidaita mai zuwa wajen 14.7 na iska akan 1 na fetur. Dan haka 112 a Ƙofar Nassarawa ni bazan ɗora wa salansa ita kaɗai ba.

Amma maganar Gixxer ma gaskiya ce a wani wajen. In ka murɗe totur sosai biren bos baya sauraron sansar, taswirar da kamfani ya rubuta masa yake bi, ita kuma an rubuta ta ne da katalis da tukunyar nan a jiki. Injin tsere in yana aiki da ƙarfi yana son mai ya ɗan yi yawa, wajen 13 akan 1 ko ƙasa kaɗan, saboda rarar fetur ɗin tana sanyaya kan fistan da bawul. Ka cire katalis, wataƙila ka ƙara da iya kilina mai buɗaɗɗen hanci, sai a wasu wurare na juyin inji man ya gaza. R6 daga 2008 matsin silindarta 13.1 ne akan 1, irin wannan injin baya yafe ƙarancin mai, balle a haɗa masa da iska mai zafi da fetur mara kyau, nan ne ƙwanƙwasa ke farawa. Abin tsoron shine wannan ɓarnar tana faruwa ne a hanyar Zariya ko ta Wudil lokacin da mita ke nuna maka 82 kana murna, ba a cikin gosulo da kake ta kallon mita ba.

Gixxer_Fagge:
To ai maganata kenan Injiniya, tunin dai, wato sake saita yawan mai, sai anyi

Injiniya_Kabuga:
Sai anyi, amma ba shi zai sauko masa da 112 ba. Aiki biyu ne a gabansa.

Abban_Ilham:
Ni tambayata akan harbin ne. Tawa silif-on kawai na saka, wato wutsiyar kaɗai, katalis na nan, amma tana harbi kamar tasa. Kenan nima mai ya gaza?

Injiniya_Kabuga:
Ba dole ba. Yawancin baburan Japan suna da wata hanya da ke tura iska mai kyau cikin maƙogwaron salansa dan ƙone ragowar fetur, Suzuki da Honda suna ce mata PAIR, Yamaha AIS. Dama can tana harbin, tukunyar folokom ce ke haɗiye ƙarar. Abu na biyu, in mahaɗar bututu tana shan iska ko gasket ɗin bakin silinda ba'a canja ba, shima yana kawo harbi. Da safe inji na sanyi ka tada shi ka kai hannu kusa da mahaɗar, in kaji iska na busowa to ka gano wajen. Wutsiya kaɗai da katalis a jiki yawanci bata buƙatar komai.

Speed_Gwale:
Ku daina wahalar da kanku. Ni mai gyarana ya cire tamosta, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗumama, ya haɗa min fanka darek, da na murɗa makulli take tashi. Tun daga nan ban ƙara ganin 100 ba.

OgaMakanike_KofarRuwa:
Speed_Gwale wannan aikin motocin haya ne aka kwaso aka kawo kan fawa bayik, kuma ni bana yinsa a garejina ko nawa za'a bani. Tamosta tun wajen 70 zuwa 80 da 'yan kai yake fara buɗewa, kafin ruwa ya kai 100 ya daɗe da buɗewa gaba ɗaya, to cire shi me ya ƙara maka a gosulo? Illa dai da asuba lokacin sanyi injin ya ƙi ɗumama, biren bos yaga kamar har yanzu ana wamin yayi ta zuba mai, fulogi yayi baƙi, fetur ya gangara cikin baƙin mai. Fanka darek kuma ɗan ƙaramin injin lantarki ne a ciki ba'a yi shi dan ya wuni yana juyawa ba, ga cajin babur a sulo bashi da ƙarfi, ga fitila a kunne. Watarana zata ƙone maka a tsakiyar Kantin Kwari kuma ranar ne zaka ga zafi na gaske. In dole ne a saka maka makunni a hannu wanda kai zaka kunna in ka hango cunkoso, a bar na otomatik ɗin yana aikinsa.

Speed_Gwale:
Oga ni dai shekara ta zagayo bata ƙone ba

MaiCBR_Tarauni:
Makunnin hannun nan nima shi nake dashi, tun daga Gadar Lado in naga layin motoci nake danna shi tana 90, bana jira ta kai 100 da wani abu kafin ta tashi da kanta. Yana taimakawa gaskiya.

SabonShiga_ZX6:
Jama'a ku taimaka tawa 221 take nunawa!! Yanzu na shigo da ita, kuna maganar 112 hankalina ya tashi wlh

Injiniya_Kabuga:
Kwantar da hankalinka ƙanina, taka daga Amurka ta fito, ma'aunin Fahrenheit take nunawa. 221 ɗin shine 105 a namu, 212 shine 100. Duba kusa da lambar zaka ga F.

SabonShiga_ZX6:
Eh wallahi akwai F. Allah ya saka da alheri Yaya

Baba_CB750:
'Ya'yana, na karanta duk abinda kuka rubuta kuma na ƙaru. Amma akwai abinda ba wanda ya taɓo. Mu da muka hau manyan babura tun ana sayen su sabbi a kwali, injin iska ne babu ruwa babu fanka, abinda muka sani shine in rana ta take ba'a shiga kasuwa dasu. Kuna da hanyoyi yanzu da mu bamu samu ba, ga gadoji ga baifas. Mutum zai tashi daga Hotoro zuwa Kabuga ƙarfe biyu na rana ya ratsa ta tsakiyar gari, dan me?
Na biyu kuma shine ƙarar. Ina zaune kusa da babban titi, akwai yaran da ke wucewa bayan sha ɗaya na dare suna murɗa totur a banza, jikokina na firgita daga barci, maƙocina dattijo ne mai hawan jini. Ana cikin sallar isha'i liman na karatu wani zai wuce ba'a jin ko aya ɗaya. Wanda ya sa salansa mai ƙara ya sani haƙƙin mutane na kansa. Kusa da asibiti da masallaci da makaranta a sassauta hannu, a sa babbar giya a wuce a hankali. Kuma wannan murɗa totur ɗin a tsaye da kuke yi a danja, shi kansa zafi yake ƙarawa injin, babu iska kuna ta hura masa wuta.

DanHotoro_R6:
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Tawa tana da toshiyar nan ta rage ƙara da ake cusawa a wutsiya, da ita nake shiga unguwa.

Gixxer_Fagge:
Allah ya ja kwana Baba, mun ji kuma za'a gyara. Sai dai wani hanzari, a titin Kano ƙarar nan tana ceton rai. Ɗan adaidaita baya duba madubi, juyowa kawai yake, amma in yaji ka tun daga nesa yana tsayawa a layinsa.

Hajiya_Ninja400:
Gixxer ƙarar baya take tafiya ba gaba ba, wanda ke gabanka a mota da gilashi a rufe da AC sai kazo daf dashi yake jinka, mutanen da ka wuce su ke shan ƙarar. Hon da fitila da rage gudu sun fi. Baba ya faɗi gaskiya, saboda 'yan kaɗan ake mana kallon marasa tarbiyya gaba ɗaya.
Akan zafi kuma, ni da na cire katalis zafin da ke dukan ƙafata raguwa yayi sosai, dan tukunyar nan ita ke riƙe wuta a ƙasan inji. Mitar kuwa bata canja ba. Dan haka ni a wajena akasin abinda DanHotoro ya gani ne.

Admin_KanoRiders:
Maganar ƙara muhimmiya ce kuma zamu buɗe mata zaure nata daban. A nan mu tsaya kan zafin inji dan mai tambaya ya samu abinda yazo nema.

Kurna_Pulsar:
To mu masu kafireto fa? Na sa wata salansa da aka ce min Akrapovic ce, tun daga nan in na murɗa sai ta ɗan shaƙe kafin ta ɗauka, fulogi kuma fari fat

OgaMakanike_KofarRuwa:
Fari fat ɗin nan shine amsarka, mai ya gaza. Lafiyayyen fulogi ruwan ƙasa-ƙasa yake. Kai naka ma yafi nasu haɗari dan baka da biren bos da zai gyara maka komai, kuma lagireton da zai ɗauke zafin ma babu. A ƙara girman babban jet, wato ramin da mai ke bi a kafireto, mataki ɗaya a gwada, in da hali a ɗaga allura kaɗan, a hau a dawo a sake duba fulogi. Kar a tsallaka mataki uku lokaci ɗaya.
Maganar Akrapovic kuma, ta gaske a Sulobeniya ake yinta, kuɗin ful sistem ɗinta kaɗai ya sayi Pulsar ɗinka. Abinda ke yawo a kasuwa mai arha gwangwani ne aka buga masa tambari. Ba wai baza'a iya amfani dashi ba, amma ba'a auna shi da injin kowa ba, faɗin bututu da tsawonsa duk yadda ya samu ne, mai walda ya ƙarasa sauran. Wasu ma babu ramin sansa a jiki sai a naɗe sansar da waya a rataye ta a gefe, wasu a yanke ta gaba ɗaya. DanHotoro kai taka sansar tana ina?

DanHotoro_R6:
Oga sai na duba, da mai walda muka yi aikin kuma banga ya huda wani rami ba. Na gwada tocilar yanzu, sama ana ganin haske amma ƙasan bayan tayar gaba a toshe yake da busasshen taɓo.

Injiniya_Kabuga:
Ƙari kan abinda Oga ya faɗa wa Kurna_Pulsar, iska mai zafi bata da nauyi kamar mai sanyi, dan haka jet ɗin da ka saita a Afrilu zai iya gazawa da asubar Janairu lokacin da iska tayi sanyi ta bushe. Masu kafireto su riƙa duba fulogi in yanayi ya juya. Masu injekta akwai sansar zafin iska da ke rage musu wannan aikin.

Mopol_Naibawa:
Ba wanda ya tsaya kan maganar ingancin mai. Ni na lura duk sanda na sha a wajen 'yan bumburutu injin yana wani ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in na murɗa a babbar giya, kuma yafi saurin zafi. Yanzu gidan mai ɗaya na riƙe. Baƙin mai kuma 10W-40 na babur mai tambarin JASO MA2 a jiki, kar a zuba na mota, kulocinmu a cikin mai yake wanka zai riƙa sulɓewa. A watannin zafi bana bari ya kai adadin da littafi ya ce kafin in juye.

Abban_Ilham:
Wasu suna cewa a sa 20W-50 lokacin zafi wai yafi riƙe jiki

Mopol_Naibawa:
A Boxer da Jincheng eh. A injin da ke juyawa sama da dubu goma sha biyar ni bazan sa mai kauri haka ba sai in littafinsa ya yarda.

Speed_Gwale:
Ni dai har yanzu ina ganin da ya naɗe maƙogwaron da ƙyallen nan na zafi da an wuce wajen, lagireton R6 dab da bututun yake

Hajiya_Ninja400:
Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya, bututun kasuwa sirara ne kuma suna fesa zafi kai tsaye bayan lagireto da cikin robobi. Amma ƙyallen yana riƙe ruwa da damina, ƙarfe mara kyau ya ruɓe a ciki baka sani ba, wani kuma ya tsage a wajen walda. In za'a samu farantin kare zafi a tsakani yafi.

Gixxer_Fagge:
Duk naji, amma ina nan kan bakata. Kafin ya canja salansa ai da wannan lagireton da wannan ruwan famfon yake yawo, me yasa bai ga 112 ba sai yanzu?

MaiCBR_Tarauni:
Saboda da sanyi ya canja ta mana, ka tambaye shi. Bai taɓa haɗa tsohuwar salansar da wannan taɓon da wannan Afrilun ba balle a kwatanta.

DanHotoro_R6:
Cikin hunturu na canja gaskiya. Amma bara warhaka da folokom bana tuna ta wuce 107.

OgaMakanike_KofarRuwa:
Bara taɓon bai kai haka ba, murfin lagireto ma bai tsufa haka ba. Shima a duba shi, yawanci 1.1 ake rubutawa a kansa, wato matsin da yake riƙewa, in robar ta mutu baya riƙe matsi ruwa sai ya tafasa da wuri. Kuma kar a buɗe shi inji na da zafi, na ga wanda ya ƙone tun daga hannu har ƙirji. Kayi wankin da canjin ruwa tukuna ka bi hanyar da ka saba a lokacin da ka saba, sannan mu san nawa ne laifin salansa.

Injiniya_Kabuga:
Kuma kafin a samu ayi tunin ka riƙe hannunka a babbar hanya. Dynojet, kamfanin da ke yin Power Commander, suna da taswirori a shafinsu na intanet na salansoshin da aka sani, amma in taka bata da suna sai dai a ɗauki mafi kusa a fara da ita, gyaran gaske sai an ɗora babur kan dayno, injin da ake gwada ƙarfin babur a kansa, da sansa mai auna mai.

Gixxer_Fagge:
To wa ya san inda ake da dayno na babur, ko mai iya filashin biren bos ɗin Suzuki, wato sake rubuta masa taswira? Nima Suzuki K7 ɗina tun da na cire bawul ɗin cikin salansa fitilar gargaɗi ta FI take kunne, in akwai wanda ya taɓa kai tasa ya faɗa mana nawa aka caje shi.